Ƙanwata na da lufus amma an ba ta maganin maleriya: shin intaferon magani ne ko cuta?

UmmuAmmar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda zai warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Ƙanwata 'yar shekara 24 ta kusa shekara biyu tana fama da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ga ciwon gaɓoɓi, gashinta na zubewa, ga wasu ƙuraje da suka feso mata a kumatu suka haura karan hanci. Maganin taifot da na maleriya kam babu irin wanda ba ta sha ba. Daga ƙarshe wani likita ya tura jininta gwaji, aka ce lufus ce, wai garkuwar jikinta ce ke yaƙar jikin nata.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, maganin da aka ce ta riƙa sha kullum ɗan'uwan kulorokwin ne, haidiroksikulorokwin, alhali an ce ba maleriya ke damunta ba. Na biyu, na sayo mata irin ƙwayoyin nan na ƙara ƙarfin garkuwar jiki da tsada, likitan ya ce kada ta kuskura ta sha. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce wani sinadari mai suna intaferon ne ke yin yawa a jikin masu wannan cuta. Layi ya yi tsawo, ban samu na ƙara tambaya ba. Na dawo gida na duba a intanet, sai na ga intaferon ɗin ma magani ne, har allurarsa ake yi wa masu ciwon hanta. To magani ne ko cuta?

Hajjaju_Gwale:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ki yi haƙuri 'yar nan, akwai likitoci a zauren nan, yanzu za su shigo.

ƊanLab:
Anti UmmuAmmar, amsar ita ce duka biyun. Intaferon ba daga waje yake zuwa ba, jikin kowa na yin sa, ni da ke duka. Idan bairos ya shiga ƙwayar halittar jiki, wannan ƙwayar sai ta saki intaferon, kamar mai yekuwa a unguwa cewa ɓarayi sun shigo. Maƙwabtanta da suka ji sai kowa ya rufe ƙofa: su rage sarrafa furotin, su fito da sinadaran da ke daddatsa saƙon gadon bairos, su kira sojojin jini. Ciwon jiki da kasala da zazzaɓin da mutum ke ji lokacin mura mai zafi, babban kaso na aikin intaferon ne, ba na bairos ɗin kansa ba.

A 1957 aka gano shi a Landan. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka sa bairos ɗin mura da aka kashe da zafi a kan yanar cikin ƙwan kaza, sai suka ga yanar ta saki wani abu da ke hana bairos mai rai yaɗuwa. Sunan ma daga aikin nasa ya samo asali, wato mai katsalandan ga bairos.

A lafiyayyen mutum yekuwar kwana kaɗan take yi, a kori bairos, gari ya yi shiru. A mai lufus ba ta yin shiru. Wata da watanni, shekara da shekaru, jiki na zaman ko-ta-kwana alhali babu ɓarawon da ya shigo.

BabanKhalifa:
Ni ganau ne, ba jiyau ba. A 2011 aka same ni da ciwon hanta nau'in C. A lokacin babu ƙwayoyin nan na yanzu da ake sha wata uku a warke. Allurar intaferon ake yi, sau ɗaya a mako, har mako 48, a haɗa da wasu ƙwayoyi ribabirin. Ranar Alhamis da dare nake yin tawa don in samu Juma'a in kwanta. Bayan awa huɗu ko biyar sai rawar ɗari ta kama ni, kai kamar zai tsage, gaɓoɓi kamar an daka ni a turmi. Gashina ya ragu. Raina ya riƙa ɓaci ba dalili, har maiɗakina ta ce ba mutumin da ta sani ba ne.

Wajen wata na bakwai zuciyata ta fara bugu da sauri, na rame, ina gumi ko da sanyi. Aka gwada aka ce garkuwar jikina ta juya kan tayirod, wannan halittar da ke gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa. Daga baya ta mutu murus, har yau ƙwaya ɗaya nake sha kowace safiya a madadinta. Hantar ta warke, alhamdu lillahi, ban yi da-na-sani ba. Amma da na karanta abin da kika lissafo, zazzaɓi, gaɓoɓi, zubewar gashi, sai na ga tamkar shekarar nan tawa kike ba da labari. Bambancin kawai ni na san ranar da za a daina yi mini allurar.

Malam_Sabo:
Ni dai shawarata kada a manta da gefen addu'a. Yarinya budurwa, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa shekara biyu, gwaji bayan gwaji ba a ga komai ba. Irin wannan a da mun san abin da ake kiransa. A nemi malami na kirki ya yi mata ruƙiyya.

Nas_Hauwa:
Malam Sabo, addu'a kam ba wanda zai ce a bari. Amma ba daidai ba ne a ce ba a ga komai ba. An gani, sai dai an daɗe ana neman abin a inda ba ya nan. Na ga mata da yawa da aka kawo mana bayan an shekara ana cewa sammu ne ko jifa, ƙafa ta kumbura, ƙoda ta riga ta taɓu. A yi addu'ar, a sha maganin. Wanda zai ce mata ta ajiye maganin asibiti shi ne nake roƙon a guje masa.

LikitaBinta:
Sannunku. 'Yar'uwa UmmuAmmar, ina duba masu irin wannan ciwo, bari in ɗora a kan bayanin ƊanLab, don ya tsaya a daidai inda tambayar take: idan babu bairos, wa ke tayar da yekuwar?

Jiki ba ya gane bairos da fuska. Abin da yake nema shi ne DNA ko RNA, wato sinadaran da ke ɗauke da saƙon gado, a wurin da bai kamata a same su ba. Akwai masu gadi da aka ajiye don haka. Biyu daga ciki, TLR7 da TLR9, suna zaune ne a cikin wasu 'yan jakunkuna a cikin ƙwayar halitta, suna shinshina duk abin da aka haɗiyo. To mu ma muna da DNA da RNA namu. Kullum biliyoyin ƙwayoyin jikinmu ke mutuwa, kuma akwai masu shara da ke kwashe gawarwakin nan da nan. A mai lufus sharar ba ta kwasuwa da kyau. Ɓaraguzan sukan daɗe a waje har garkuwar jiki ta ƙera musu makamai, wato antibodi masu kama DNA da RNA na mutum kansa. Su ne ake nema a gwajin ANA da anti-dsDNA da aka yi wa ƙanwarki.

Daga nan ne abin ke zama zagaye. Antibodi ya kama ɓaraguzan, su dunƙule. Wasu ƙwayoyin jini 'yan kaɗan da ake kira pDC, waɗanda babu mai zubo intaferon kamarsu, sai su haɗiye dunƙulen zuwa cikin jakunkunan nan. Mai gadi ya shinshina, ya ɗauka bairos ne, a saki intaferon. Shi kuma intaferon ya zuga sojojin jini da ake kira ƙwayoyin B su ƙara ƙera antibodi, ya zuga 'yan'uwansu ƙwayoyin T, ya sa wasu ƙwayoyin jiki su ƙara mutuwa. Sabon ɓaraguzai, sabon dunƙule, sabuwar yekuwa. Masu bincike a Uppsala ta ƙasar Suwidin, Lars Rönnblom da Gunnar Alm, suna cikin waɗanda suka fito da wannan zagayen fili.

Shi kuwa haidiroksikulorokwin yana taruwa ne a cikin waɗannan jakunkuna, ya hana masu gadin jin ƙanshin abin da aka haɗiyo. Ba don maleriya aka ba ta ba. Kuma kada ta raina shi don arha ne ko don tsoho ne. A 1991 an wallafa wani gwaji daga Kanada inda aka cire wa wasu masu lufus da ciwonsu ya lafa wannan magani, aka bar wa wasu. Waɗanda aka cire wa, haɗarin tashin ciwon ya ninka sau biyu da rabi.

Ƙaramin gyara: ba a auna intaferon a gwajin asibiti na yau da kullum. Likitan yana ba ki bayanin yadda cutar take ne, ba wai ya ga adadinsa a takardarta ba.

UmmuAmmar:
Likita, Allah ya saka da alheri. Ke nan ba rauni garkuwar ta yi ba, rikicewa ta yi? Shi ya sa ya hana ƙwayoyin da na sayo?

LikitaBinta:
Haka ne. Wanda gidansa ke ci da wuta ba fetur yake buƙata ba. Yawancin waɗannan ƙwayoyi ba su yin abin da aka rubuta a jikin kwalbar, waɗanda ke yi kuwa ba alheri ba ne gare ta. Ki mayar idan za a karɓa.

Abba_Biochem:
Likita, da girmamawa, ina ganin an ba intaferon girman da ya wuce nasa. Ganin hayaƙi a wurin gobara ba ya nufin hayaƙin ne ya kunna wutar. Gaskiya ne tun 1979 aka ga intaferon a jinin masu lufus, kuma a 2003 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin gadon da intaferon ke kunnawa a kunne suke a jinin mafi yawan marasa lafiyar, abin da ake kira tambarin intaferon. Amma wannan tambari ba na lufus kaɗai ba ne. A 2010 ɗakin binciken Anne O'Garra a Landan ya same shi a jinin masu tarin fuka. Kuma a mai lufus ɗaya, tambarin yakan zauna yadda yake ko ciwon ya tashi ko ya lafa. Idan shi ne direban motar, me ya sa ba ya motsi idan motar ta canza gudu?

Sannan gwajin farko na babban mataki da aka yi wa maganin toshe intaferon, TULIP-1, bai cimma abin da aka sa masa a gaba ba.

Sakkwatawa77:
Ku yi mana a hankali malamai, mu 'yan kallo muna biye. Ni tambayata ta rana ce. Matar yayana na da wannan ciwo, kuma duk lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, sai fuskarta ta ɓaci, ta kwanta. Mun ɗauka zafi ne kawai. Akwai alaƙa?

ƊanLab:
Akwai sosai, amma ba zafin ba ne, hasken ne. Wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani yana kashe ƙwayoyin saman fata, ya fasa su, DNA da RNA su fito. Ka tuna ɓaraguzan da Likita ta ambata? Rana na ƙara su ne. An kuma gano fatar masu lufus, har wadda ba ta da ƙurji ko ɗaya, tana yin wani nau'in intaferon mai suna kappa fiye da ta sauran mutane, wato a ɗane take tun kafin rana ta taɓa ta. Abin ba ya tsayawa a fata, yini ɗaya a rana na iya tayar da ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi bayan kwanaki.

Nas_Hauwa:
Kuma kada a ce ai baƙar fata ba ruwanta da rana. Hijabi na rufe jiki amma fuska da bayan hannu a waje suke, nan ne kuma ƙurajen ke fitowa. Lema, man kariya daga rana, da guje wa fita daga hantsi zuwa la'asar in ba dole ba. Shanya da wanki a tsakar gida da rana tsaka ma a karɓar mata. Wani abu kuma: idan tabon ya yi baƙi, mata kan ruga wajen man bilicin. Da yawansu akwai sitiroyid a ciki, sai ƙurjin ya lafa na ɗan lokaci, likita ya kasa gane abin da yake gani, fata kuma ta yi laushi ta lalace.

LikitaBinta:
Malam Abba, tambayarka mai kyau ce, kuma ban ce intaferon ne kaɗai ba. Amma ga dalilan da suka sa ba na kallonsa a matsayin hayaƙi kawai.

Ka koma ka karanta labarin BabanKhalifa. Mutum ne da ba shi da cutar garkuwa, aka ɗura masa intaferon, garkuwarsa ta juya kan tayirod. Wannan sananne ne a masu wannan allura, kuma wasu 'yan kaɗan lufus sosai suka samu, da antibodi da komai, wadda takan lafa idan an tsayar da allurar. A nan mun san wanda ya riga wani zuwa.

Sai yaran da ake haifa da cutar Aicardi-Goutières, wadda likitoci biyu a Faransa suka bayyana a 1984. Jariri ne zai zo da alamun kamar ya kamu da bairos tun a ciki, ƙwaƙwalwa ta taɓu, ruwan ƙashin bayansa cike da intaferon, a nemi bairos a rasa. A 2006 Yanick Crow da abokan aikinsa suka gano cewa a wasunsu ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace, TREX1, wadda aikinta share guntayen DNA da ke yawo a cikin ƙwayar halitta. Shara ta taru, wani mai gadi da ake kira cGAS ya gan ta, ya tayar da abokin aikinsa mai suna STING, intaferon ya ɓalle. Yaran nan sukan sami gyambo a yatsu da kunnuwa lokacin sanyi, irin wanda ake gani a wani nau'in lufus, wasunsu ma da antibodi irin na lufus. Kuskure ɗaya a hanya ɗaya, ga sakamakon.

A 2022 kuma ƙungiyar Carola Vinuesa ta ba da rahoton wata yarinya 'yar Sifen da lufus mai tsanani ta kama tana shekara 7. Aka sami canjin harafi ɗaya a TLR7 ɗinta wanda ya sa mai gadin ya cika saurin firgita. Aka sa wannan canji a jikin ɓeraye, su ma suka kamu.

Game da TULIP-1, gaskiyarka. Amma TULIP-2 ya yi nasara: kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin da ake gwadawa, anifrolumab, sun sami sauƙin da ake nema bayan shekara guda, a kan kashi 31 da rabi na waɗanda ba a ba su ba. A kan haka Amurka ta amince da shi a 2021. Maganin yana toshe kunnen da ƙwayoyin jiki ke jin yekuwar da shi ne, kuma a fata aikinsa ya fi fitowa.

Abba_Biochem:
Na karɓi hujjar yaran, ita ce mafi ƙarfi. Amma ki duba alƙalumman da kika kawo da kanki. An toshe kunnen gaba ɗaya, duk da haka fiye da rabin mutanen ba su sami sauƙin ba. Tazarar maki 16 ce kawai. Wannan na nuna mini lufus ba cuta ɗaya ba ce, taron cututtuka ne da suka yi kama da juna. A wasu intaferon ke jan ragama, a wasu ƙwayoyin B sun riga sun yi nisa, ko an yi shiru da yekuwar ba za su dawo ba. Barisitinib ma, wani magani da ke tare saƙon daga ciki ta hanyar toshe JAK, sinadarin da ke isar da yekuwar cikin ƙwayar halitta, gwaji ɗaya ya yi kyau ɗaya bai yi ba, kamfanin ya janye shi daga batun lufus.

Maman_Biyu:
Ni duk wanda na ji an ce yana da wannan ciwo mace ce. Ƙanwar UmmuAmmar, matar yayan Sakkwatawa, wata maƙwabciyarmu da ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Maza ba sa yi ne?

ƊanLab:
Amin. Suna yi, amma cikin masu lufus goma kusan tara mata ne, yawanci a shekarun haihuwa. Sinadaran jikin mace na da hannu, amma akwai wani dalili da ya shafi zancenmu kai tsaye. Ƙwayar gadon TLR7 a kan kuromosom X take zaune. Mace na da X biyu, namiji ɗaya. Ka'ida ita ce jikin mace ya rufe X ɗaya, amma an gano TLR7 na kuɓucewa daga rufewar a wasu ƙwayoyin garkuwa, sai mace ta zama da masu gadi ninki. Mazan da aka haifa da X biyu da Y ɗaya, haɗarin lufus a wurinsu ya ninka na sauran maza kusan sau 14, ya kusa na mata.

Abin yana da ɗaya fuskar. Wannan saurin yekuwa na taimakon mata wajen yaƙar bairos. Lokacin korona, a 2020, ƙungiyar Jean-Laurent Casanova ta gano kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda cutar ta kai su bakin mutuwa suna da antibodi da ke kashe intaferon ɗinsu, kuma kusan dukkansu maza ne. Ƙarancinsa na kisa, yawansa na kisa.

ƊanMaraɗi:
Tun da an ambaci korona. A waccan shekarar haidiroksikulorokwin ya ɓace daga farmasi, mutane suka saye shi suka ɓoye don an ce yana maganin korona, daga baya manyan gwaje-gwaje suka nuna ba ya yi. 'Yar ƙanwar mahaifiyata da ke shan sa don lufus ta yi wata biyu babu, sai da muka aika har Kano aka samo da tsada. Ciwon ya tashi mata a tsakanin. Har yau abin na yi mini ciwo.

Tambaya ga Likita: mu nan da yawa kulorokwin na sa mu ƙaiƙayi kamar mu cire fata. Wannan ma haka yake?

LikitaBinta:
Yana iya sa wa, amma bai kai kulorokwin ba. Idan ya dame ta ta faɗa wa likitanta, kada ta daina da kanta. Abin da aka fi kula da shi ido ne: kada adadin ya wuce miligiram 5 a kowane kilo na nauyinta a rana, a duba bayan idonta a farko, sannan duk shekara idan ta kai shekara biyar tana sha. Kuma ba ya aiki nan take, sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a ga amfaninsa. A nan ne mutane ke karaya su watsar.

Tsohon_Shika:
Ku ba tsoho dama ya sa baki. Lokacin da muke koyon aikin jinya, abin da aka koya mana shi ne lufus ba ciwon Afirka ta Yamma ba ne, na baƙaƙen Amurka ne da na Karibiyan. Maganar na da tushe. Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya duba bayanan marasa lafiya a Ibadan ya wallafa a 1968 cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a can, ya kuma kawo tunanin cewa wataƙila maleriya da sauran cututtukan da muke fama da su ne ke shagaltar da garkuwar jiki. Mutumin kirki ne mai zurfin ilimi, kuma abin da ya gani ya rubuta. Sai dai mu da muka biyo baya mun mayar da maganar tamkar hukunci. Wanda aka ce masa abu babu shi, ba zai neme shi ba. Da aka sami likitocin gaɓoɓi a Legas, irin su Farfesa Adelowo, suka fara nema, sai ga marasa lafiya. Ina tuna 'yan matan da muka yi ta yi wa maganin taifot suna dawowa, ƙafa a kumbure. Allah ya yafe mana.

Nas_Hauwa:
Amin Baba. Har yanzu ba a fita daga wannan ba. Gwajin ANA ba kowane gari ake yi ba, sau da yawa sai an tura jini wani wuri, a jira mako biyu.

Abba_Biochem:
Baba ya taɓo inda ni ma zan yarda intaferon ya shafe mu kai tsaye. Akwai ƙwayar gado mai suna APOL1. Wasu nau'o'inta biyu, G1 da G2, sun yaɗu a Afirka ta Yamma saboda suna ba da kariya daga ƙwayar ciwon barci da ƙudan tsando ke ɗauka. Wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ƙodarsa na cikin haɗari. Amma yawancin masu ɗauke da su lafiya lau suke har sai wani abu ya tayar da ƙwayar gadon. Babban mai tayar da ita kuwa intaferon ne. An ga haka a mutanen da aka yi wa allurarsa ƙodarsu ta rushe, an gani a masu ƙanjamau, an gani a korona. Mai lufus da ke ɗauke da biyun, ƙodarta ta fi saurin kaiwa ga wanki. Shi ya sa abin da aka rubuta a littattafan Turai game da saurin cutar ba lalle ya dace da mu ba.

Zainabu_Kumasi:
Ina gaishe ku daga Zango. Ɗana na da ciwon nan da fata ke yin fari-fari a hannu da gefen baki, ba kuturta ba. An ce shi ma garkuwar jiki ce. Intaferon ɗin ne?

LikitaBinta:
Hajiya Zainabu, dangi ne amma ba shi ba ne. Wanda muke ta magana a kai nau'i na ɗaya ne, alfa da beta. Na ɗanki nau'i na biyu ne, gama, wanda ƙwayoyin T ke saki, yana kiran 'yan'uwansu su zo su kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Dukansu ta hanyar JAK suke isar da saƙo, shi ya sa a 2022 Amurka ta amince da man shafawa na ruksolitinib, mai toshe JAK, don wannan ciwo. Ba ya yaɗuwa, kada a ware masa kwano.

Don kada a ɗauka intaferon mugu ne a ko'ina: akwai cutar garkuwa ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa, MS, wadda tun 1993 intaferon beta ne ake ba masu ita a matsayin magani. Sinadari ɗaya, a wata cuta yana hura wuta, a wata yana kwantar da ita.

BabanKhalifa:
To shi sabon maganin da ke toshe kunnen, idan an toshe, bairos na gaske ya zo fa?

LikitaBinta:
Nan ne kuɗin da ake biya. A TULIP-2 kusan kashi 7 cikin 100 sun sami ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki idan bairos ɗin ƙarambau da ya kwanta tun yarinta ya farka, a kan kusan kashi 1 a cikin waɗanda ba a ba maganin ba. Mura da mashaƙo ma sun fi yawa. Ta jijiya ake ba da shi kamar ƙarin ruwa, duk mako huɗu, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalanmu. Abin da ke hannunmu shi ne haidiroksikulorokwin, firednisolon gwargwadon buƙata a rage shi da wuri, da irin su azatayofirin da maikofenolet idan ciwon ya taɓa ƙoda. Kuma don Allah kada a sayi firednisolon ko deksa a kemis a riƙa sha yadda ake shan sha-ka-fashe don an ji daɗinsa. Yana kashe wutar yau, ya ci ƙashi da ido ya kawo ciwon suga gobe.

UmmuAmmar:
Na karanta komai, wasu sau biyu. Akwai abin da ban faɗa ba tun farko. An sa ranar aurenta bayan Babbar Salla, kuma dangin mijin sun fara tambaya ko ana ɗauka, ko za ta haihu, ko 'ya'yan za su gada. Mahaifiyarmu ba ta barci.

Hajjaju_Gwale:
Ki ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Amma a gaya wa yaron gaskiya tun yanzu, ya je asibitin tare da ita ya ji da kunnensa. Abin da aka ɓoye kafin aure shi ke zama abin gori bayansa.

LikitaBinta:
Ba a ɗauka, ko ta kwano ko ta shimfiɗa. Gado kuwa ba irin na sikila ba ne da za a lissafa ɗaya cikin huɗu. Abin da ake gada shi ne saurin yekuwar: an auna jinin 'yan'uwan masu lufus da ke da lafiya, aka ga wasunsu ma intaferon ɗinsu a sama yake, kuma ba su kamu ba. Mafi yawan 'ya'yan masu lufus ba sa samun ta.

Za ta iya haihuwa. Sharaɗin shi ne ciwon ya lafa aƙalla wata shida kafin ta ɗauki ciki, ta ci gaba da haidiroksikulorokwin har cikin goyon ciki da shayarwa, a canza mata maikofenolet ko metotireksat idan tana sha don suna illata ɗan tayi, a kuma gwada wani antibodi mai suna anti-Ro da antibodin da ke sa jini daskarewa ya jawo ɓari.

Abba_Biochem:
A kan wannan ba ni da ja. A kan ko intaferon ne tushe ko reshe, Likita, ina nan a kan bakana cewa ya danganta da wace mai lufus ake magana.

UmmuAmmar:
Likita, wani abu da ta gaya mini yanzu da nake karanta mata maganar ƙoda. Ta ce kwana huɗu ke nan fitsarinta na kumfa sosai, kuma da safe fatar idonta na kumbura. Ranar komawarta asibiti sai nan da mako uku.

Nas_Hauwa:
Kada ku jira mako uku. Gobe da sassafe ku tafi, ku riƙe takardun gwajinta duka da kwalayen magungunan. Ku ce a auna hawan jini, a duba furotin da jini a fitsari, a yi gwajin aikin ƙoda na kiriyatinin. Idan an ce ku dawo ranar da aka ba ku, ki faɗa musu kalmomin nan guda uku yadda na rubuta: lufus, kumfa, kumburi.